Ɗan'uwanka ɗan daudu ne, ko an haifa muku mata-maza: me za ka yi masa a Kano?

Maman Sultana: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da muka daɗe muna kewaye ta, yau ina so a buɗe ta. Da wuya ka sami unguwa a cikin gari, daga Fagge har Gwale, da babu gidan da ke da ɗa namiji mai ɗabi'ar mata, ko 'ya macen da ta ce ita ba ta jin kanta mace, ko jaririn da ungozoma ta kasa cewa namiji ne ko mace. Ba fatawa nake nema ba, ba kuma siyasa ba. Wanda yake yaya, ko uwa, ko malamin makaranta, ko maƙwabci ga irin wannan mutum, kuma ba ya son a cutar da shi, me zai yi a aikace? Muna da lauya, muna da ma'aikatan lafiya, muna da malamai. Don Allah ban da zagi. Wanda ya saka sunan wani ko hotonsa zan cire shi nan take.

Dakta Nasarawa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi nisa a raba abubuwa uku, domin haɗa su da ake yi shi ke sa a ba mutum taimakon da ba shi yake buƙata ba. Mata-maza halittar jiki ce, ana ganinta a al'aura ko a gwajin jini, tun haihuwa ko lokacin balaga. Na biyu, mutumin da jikinsa bai da wani saɓani amma a ransa yana jin shi ɗaya jinsin ne, kuma abin ya zauna masa shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtukan taɓin hankali a 2019, sabon kundin ya fara aiki a 2022. Na uku 'yan daudu, waɗanda Kano ta sani tun kaka da kakanni: masu tuya da girkin biki da sayar da abinci a tasha. Da yawansu maza suke ɗaukar kansu, da mata da 'ya'ya. Wasu kuma a cikinsu sun fi kusa da rukuni na biyu. Ba ka sanin wanne ne sai mutumin ya faɗa da bakinsa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ke gaya maka da wa mutum yake kwana.

Ɗan Kurna: Ni fa ban gane ba. Wannan ba ita ce ajandar Turawa da ake shigo mana da ita ta bayan gida ba? Yau a ce taimako, gobe a ce a amince. Addininmu ya la'anci namiji mai kamanceceniya da mata, magana ta ƙare.

Malam Na-Gwale: Ɗan Kurna, hadisin da ka kawo ingantacce ne, ba mai jayayya. Amma ba a nan malamai suka tsaya ba. Imam Nawawi ya raba mukhannasi gida biyu: wanda aka halicce shi da laushin murya da tafiya irin ta mata, bai ƙirƙira ba, wannan ba zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Shi kuwa mata-maza, khunsa, babinsa na cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Mukhtasar na Shehu Khalil da maganarsa ya rufe: yadda ake duba mafitsara, da gemu, da nono, da haila, kuma idan abin ya rikice a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace a gado. Tun kafin Bature ya zo Kano a 1903 ake karanta wannan.

Ni ba zan halatta abin da Allah ya haramta ba. Sai dai ko a wurin da mutum ya yi saɓo, jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa ba su zama halal ga 'yan unguwa ba. Binciken asirin mutane haramun ne da nassin Suratul Hujurat. Jifan mutum da luwaɗi ba shaida ƙazafi ne, a mazhabarmu bulala tamanin ne a kan mai faɗar. Hukunci na alƙali ne. Don haka wanda ya hana a doki ɗan'uwansa, ya ciyar da shi, ya rufa masa asiri, bai fita daga addini ba.

Ɗan Kurna: To Malam, na ji wannan. Amma ni ba zan kira gardi da "ke" ba.

Anti Walwala: Ba wanda ya tilasta ka, ƙanena. Amma tunda ka taɓo ta, a nan mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Hausa ba ta barin ka ɓuya: da ka buɗe baki sai ka ce "ka zo" ko "ki zo". Abin yi shi ne ka tambayi mutumin ku biyu kaɗai, ba a gaban kowa ba: wane suna kake so in kira ka da shi, kuma a ina? Kalmar "a ina" ita ce muhimmiya. Mutum na iya son a ce masa "ke" a cikin ɗaki tsakanin ƙawaye, amma idan ka faɗe ta a layin cirar kuɗi ko a cikin adaidaita sahu ka jefa shi a haɗari. Idan harshenka ya ƙi, ko ba ka tabbata ba, akwai "ku" ta girmamawa, akwai laƙabi, akwai sunan sana'a kamar Mai Waina. Ba wanda zai ji wani abu.

Sai babbar doka: sirrin ba naka ba ne. Kada ka gaya wa matarka, kada ka gaya wa limami "don a taya da addu'a", kada ka gaya wa babban yaya "don a san abin yi", sai da izinin mai shi. Yawancin korar da ake yi daga gida ba maƙiyi ne ke jawo ta ba, wani mai tausayi ne da bakinsa bai riƙe ba.

Ranar da ya fara gaya maka, kada ka yi salati da ƙarfi kamar an yi mutuwa, kada ka tambaye shi abin da ke cikin wandonsa, kada ka ce wa ya lalata ka. Tambayoyi uku sun isa: wa ya sani ban da ni, akwai mai yi maka barazana, kana da wurin kwana yau.

Barista Gyaɗi-Gyaɗi: Bari in shimfiɗa dokar yadda take, don mai taimako ya san inda yake taka ƙafa.

Dokar tarayya ta hana auren jinsi, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka aka ɗaura, ko ya tallafa wa ƙungiya ko taro ko jerin gwano na masu neman jinsi. Wannan tanadi na biyu, na shekara 10, shi ya shafi mai taimako kai tsaye. Dokar ba ta ambaci ciyar da mutum, ko ba shi masauki, ko kai shi asibiti, ko ɗaukar masa lauya ba. Ba ta kuma ambaci shiga ko kwalliya ba. An kawo ƙudirin hana shigar ɗaya jinsin a Majalisar Wakilai a 2022, bai zama doka ba.

Amma a Arewa akwai tsohon tanadi a kundin Final Kod, sashe na 405, da ya saka namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. A Kano kuma dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala ta shekarar 2000 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya, ko tarar naira dubu goma, ko duka biyun, ga namijin da ya kwaikwayi mata a shiga ko ɗabi'a. Ku lura da kalmar ɗabi'a. Faɗinta ya yi yawa, shi ya sa ake iya kama mutum a kan tafiyarsa kawai. Ga kuma kundin shari'ar Musulunci na jihar da hukuncinsa mai tsanani a kan luwaɗi, wanda ke buƙatar shaidu ko iƙirari. A aikace kusan duk shari'ar da ta yi nisa, iƙirari ne ya kai ta.

Saboda haka idan an kama naka:

Ka fara gano wa ya kama shi kuma ina yake, ofishin Hisba ne ko caji ofis. Ka rubuta lokacin da aka kama shi, domin sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ko'ina a cikin birnin Kano akwai. Hisba ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci. Ka je da lauya ko dattijon da ake jin nauyinsa, kada ka je kai kaɗai kana huci. Ka isar masa da saƙo ɗaya: kada ya rubuta ko ya sa hannu a kan komai sai lauya na wurin, yana da 'yancin yin shiru. Beli a caji ofis kyauta ne a doka, mace na iya tsaya wa mutum, kuma haramun ne a kama wani a madadin wanda ake nema. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, ko Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Kano.

Abu biyu da lauya zai tsaya a kansu tun awa ta farko. Kada a fito da shi gaban kyamara, domin ko kotu ta sallame shi bidiyon ya riga ya kore shi daga unguwa. Kuma kada a yi masa gwajin dubura. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi tir da shi a 2017, ba ya tabbatar da komai, kuma yin sa da tilas ya faɗa cikin abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta.

Ɗalibin Shari'a: Barista, da girmamawa, duk abin da kuka faɗa dabarun ɓuya ne. A Disambar 2022 Hisba ta kama mutum 19 a Kano a kan zargin bikin auren jinsi. A Oktoban 2023 an kama 76 a Gombe. A Agustan 2024 an tsinci gawar wata fitacciyar 'yar TikTok mai irin wannan rayuwa a gefen titi a Abuja. Idan kowa ya yi shiru yana taimako a ɓoye, yaushe dokar za ta sauya? A wasu ƙasashe masu goyon baya fitowa suke yi fili.

Barista Gyaɗi-Gyaɗi: Ɗana, ban ce dokar ta yi daidai da sashe na 34 da na 37 na tsarin mulki ba, wato mutunci da sirri. Wannan muhawara ce ta kotu da majalisa, kuma lauya na iya yin ta da sunansa. Abin da nake hana ka shi ne ka yi ta da sunan wani. Idan ka rubuta a Facebook cewa kana alfahari da abokinka wane, kai za ka kwana a gidanku, shi ne za a bi. Ko ba ka ambaci suna ba, 'yan unguwa sun san da wa kake yawo. Ka ƙalubalanci doka a matsayin doka, ka bar mutane a inda suka zaɓi tsayawa.

Ɗalibin Shari'a: Na karɓi rabin maganar. Amma shirun da ake yi a majalisar shayi idan ana cewa a kashe su, wannan ba kare kowa yake yi ba.

Anti Walwala: A nan ina tare da kai. Kuma ba ya buƙatar lacca. "Haba, ran mutum ne fa" ta isa ta sauya zancen. Ƙin tura bidiyon da ake tozarta wani shi ma aiki ne. A gidan biki kuma, a daina ɗaukar masu girki a waya ana dariya. An kira su aiki, a biya su kuɗinsu cif yadda aka yi ciniki.

Dakta Nasarawa: Ina so in dawo kan jarirai, domin a nan ne jinkirin kwana biyu ke kashewa, kuma mutane ba su sani ba.

Mafi yawan abin da ke sa a haifi jariri da al'aurar da ba a gane ba shi ne matsalar wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, masu samar da sinadaran da ke riƙe gishiri da sukari a jiki. Likitoci na kiran ta CAH. A duniya tana samun kusan jariri ɗaya cikin 15,000. Gado ce daga uwa da uba tare, shi ya sa ta fi yawa inda ake auren zumunci, kuma idan ta fito sau ɗaya, kowane ciki na gaba yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Jaririyar mace ce, da mahaifa da komai a ciki, amma waje ya yi kama da na namiji. Haɗarin ba a kamannin yake ba. Yawancinsu jikinsu na zubar da gishiri, kuma abin na bayyana daga ƙarshen makon farko zuwa na uku, wato daidai lokacin da gida ya cika da 'yan suna. Alamomin: amai, ƙin kama nono, rama, yawan barci, maɗiga ta faɗa. Sai a ce iska ce ko maita, a yi ta turare, jariri ya tafi.

Matakan su ne: duk jaririn da al'aurarsa ba ta fito sarai ba, ko "namijin" da aka laluba ba a ji ƙwai ko ɗaya a marainansa ba, a kai shi babban asibiti mai likitocin yara cikin kwana biyun farko, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Za a auna gishirin jini da sukari, a maimaita, a yi hoton ciki don a ga ko akwai mahaifa, a auna sinadarin 17-OHP bayan awa 48 da haihuwa, sannan gwajin ƙwayar halitta da ke nuna XX (na mace) ko XY (na namiji). Wannan na ƙarshe yana ɗaukar makonni. Idan CAH ce, maganin hydrocortisone ne da fludrocortisone da ƙarin gishiri ga jariri, kuma na har abada ne. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi ana ninka hydrocortisone sau biyu ko uku bisa umarnin likitansa. Idan yana amai ba ya riƙe magani, allura ce, a tafi asibiti ko da tsakar dare.

Kada wanzami ya taɓa wurin. Ba kaciya, ba "gyara". Ko yaron namiji ne da mafitsararsa ta buɗe a ƙasa, fatar kaciyar da ita ake yin aikin gyaran daga baya.

Maman Sultana: Dakta, to ranar suna fa? Kin san dangi ba za su jira gwajin makonni ba. Tun ranar haihuwa ake tambaya me aka samu.

Malam Na-Gwale: Wannan da sauƙi a wajenmu. A mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa, namiji ne ko mace, don haka ragon suna bai jiran sakamako. A yanka ranar bakwai, a yi sadaka. Taron mata da kiɗa ba wajibi ba ne, ana iya ɗage shi. Sauya suna daga baya kuma ba laifi, Annabi (SAW) ya sauya wa sahabbai da dama.

Dakta Nasarawa: Na gode Malam. Ga masu tambaya kuma, amsa ɗaya ta isa: jariri ba shi da lafiya, yana hannun likita. Gaskiya ce, ba ƙarya a ciki. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tana da wa'adin kwana 60, kada a yi gaggawar rubuta jinsin da za a zo ana wahalar gogewa.

Game da tiyata, ra'ayina a fili yake. Abin da ya toshe fitsari ko yake barazana ga rai, a yi shi. Abin da don kamanni ne kawai, don hankalin dangi ya kwanta, a jinkirta. Naman da aka yanke ba ya dawowa, kuma akwai nau'in da ake rainon yaro a matsayin mace, ya zo balaga murya ta buɗe jiki ya koma na namiji. Ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba tun 2015. Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayar 2019, ta sami 1,524. Likitoci ba su gama haɗa baki a kan lokacin da ya dace ba, musamman a CAH, don haka iyaye su nemi a zaunar da su da likitan yara da likitan tiyata tare, su tambayi me zai faru idan an jira. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba ita ma a kai ta a duba, kafin a sa ranar aure, ba bayan an kai ta ɗaki ba.

Famasis Fagge: Ni nawa ɓangaren manya ne, abin da ake saya a kemis ba takardar likita. Mai son jikinsa ya yi laushi irin na mata yakan fara da ƙwayar tsarin iyali, wani ya sha uku ko huɗu a rana. Sinadarin da ke cikin yawancinsu, ethinylestradiol, shi ne wanda likitocin wannan fanni suka daina amfani da shi saboda yana daskarar da jini a jijiya. In an haɗa da sigari ko shisha haɗarin ya ƙaru. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi a sha-raɓa, ko numfashi ya yanke farat ɗaya da ciwon ƙirji, ba a jira safiya. Wasu na haɗawa da spironolactone, wanda ke sa fitsari kuma yana tara sinadarin potassium har ya rikita bugun zuciya. A zafin Afrilu, ko lokacin azumi, ga rashin ruwa a jiki, ƙoda na iya tsayawa.

Sai 'yan "sha ka fashe" na ƙiba da mazaunai. Yawanci akwai dexamethasone a ciki. Kumburi ne ba ƙiba ba, yana kawo ciwon sukari da hawan jini, kuma wanda ya daɗe a kansa idan ya daina rana ɗaya zai iya faɗuwa. A hankali likita ke rage shi. Allurar cika mazaunai da ake yi a ɗaki kuwa ba ta da gyara, ruwan na bin jini ya tafi huhu. Masu ɗaure ƙirji su ma: ban da bandeji ko salatif, kada ya wuce awa takwas, kada a kwana da shi.

Mai taimako ba zai hana da faɗa ba, sai dai a koma sha a ɓoye. Abin da ke aiki shi ne ka ce kawo kwalayen mu gani, ka rubuta sunayen da adadin da ake sha, ka raka shi a auna hawan jini da ƙoda da hanta, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ake sha.

Sista Yakasai: Kuma a sani cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin majiyyaci. Rakiya na da amfani sosai, domin wulaƙancin yawanci a wajen yankar kati da layin jira yake, ba a ɗakin likita ba, kuma ya fi sauƙi a kan wanda ya zo shi kaɗai. Idan an yi wa mutum fyaɗe, wanda ke faruwa da su fiye da yadda ake zato saboda maharin ya san ba za a kai ƙara ba, maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Kada a tsaya shawarar dangi.

Abin da ya fi damuna shi ne kashe kai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, a kan matasa masu neman jinsi, ya nuna waɗanda danginsu suka yi musu ƙiyayya mai tsanani sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu. Can ne aka yi shi, amma darasin a bayyane yake: halin gida ne ke auna nauyin. Idan mutum ya fara cewa gara ya huta, ko yana rabar da kayansa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Ka kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai a daren, a kai shi sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa ko asibitin Dawanau. Idan ya riga ya sha, ban da ɗura manja ko madara, suna tafiya huhu. A ɗauki kwalbar a tafi da ita.

Ɗan Kurna: To ai da an yi masa aure da wuri duk da ba a kai nan ba. Ko a kai shi a yi masa ruƙiya.

Anti Walwala: Auren dole a matsayin magani mutum biyu yake cutarwa, ta biyun kuma 'yar mutane ce da ba a gaya mata komai ba. Wanda ya so aure da kansa, kamar yadda 'yan daudu da yawa ke yi, wannan daban. Addu'a kuma ba mai hana ta idan shi ya nema. Amma duk wurin da za a sa mari a ƙafa, a hana abinci, a yi duka, ku tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300 aka fitar. Babu shaidar cewa duka ko horo na sauya abin da mutum ke ji game da jinsinsa. Abin da yake koya masa shi ne ƙarya da gudu.

Idan ka ga alamar za a kore shi, a shirya tun kafin ranar. A fitar da takardun makaranta, katin NIN, katin banki, layin waya da magunguna zuwa gidan wanda aka yarda da shi. A sami wurin kwana na mako guda a wata unguwa, ba maƙwabta ba. A cikin dangi kuma a nemi mutum ɗaya mai faɗa a ji, sau da yawa kaka ce ko gwaggo, kuma ba a neman ta amince da komai. Abu uku ake roƙo: ba duka, ba kora, ba cire shi daga makaranta.

Idan matasa sun taru a ƙofar gida, ba lokacin hujja ba ne. A shigar da shi ciki a rufe, a kira mai unguwa da limami su tsaya a bakin ƙofa, a kira 112 da DPO. A fitar da shi bayan an watse, ba a tsakiyar taron ba.

Barista Gyaɗi-Gyaɗi: Saura masu tatsar kuɗi. Salon ɗaya ne: a yi abota a intanet, a gayyato mutum wani ɗaki, a tuɓe shi a ɗauki bidiyo, a ce ya kawo kuɗi ko a tura wa babansa. Wanda ya biya sau ɗaya ya zama rijiya. A adana saƙonnin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗin, a daina amsawa, a kai wa lauya. Lauya ne zai auna ko a shigar da ƙara da yadda za a rubuta ta, domin wanda ya je caji ofis shi kaɗai yana iya shiga a matsayin mai ƙara ya kwana a matsayin wanda ake zargi. Kai mai taimako kuma wayarka na iya zama shaida a kansa. Kada ka ajiye hotunansa, ku kunna saƙo mai gogewa da kansa a WhatsApp, ku kulle waya da lambobi ba da yatsa ba, kuma idan za ka tura masa kuɗi kada ka rubuta dalili.

Maman Sultana: Barista, wata ta turo min tambaya ta gefe. Mai gida ya ji tsegumi ya ce ɗan hayarsa ya kwashe kayansa kafin Juma'a, alhali ya biya kuɗin shekara. Yana da wannan ikon?

Barista Gyaɗi-Gyaɗi: Ba shi da shi, Hajiya. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya da ta ce wani abu daban, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda, bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai, sannan mai gida ya tafi kotu. Cire ƙofa ko watso kaya waje ba umarnin kotu laifi ne a kan mai gidan. Sai dai a irin wannan yanayi ba na ba da shawarar a zauna ana jan shari'a a gidan da tsegumi ya riga ya zagaye, domin mai gidan na iya komawa ya kai ƙorafin baɗala, magana ta sauya salo. Lauya ya rubuta masa takarda a kan haya kawai, kada a ambaci tsegumin ko da kalma ɗaya, a nemi ragowar kuɗin watannin da ba a zauna ba da wa'adin mako biyu zuwa huɗu. Ta nemo rasit ɗin biyan kuɗin tun yau, idan ta banki aka biya ta fitar da shaidar turawar.